Ƙwallo Ashirin da Tara

Ranar Laraba da hantsi labarin ya iske Hamsatu. Tana durƙushe a garkarta cikin Kwarin Goriba tana dashen albasa, sai ta hango Yabawa, ƙanwar mijinta, tana gangarowa daga kan tudun rairayi, takalmi a hannu. Yabawa mace ce mai jiki, ko tukunyarta na ƙonewa ba ta gudu. Ran nan gudu take yi. Hamsatu ta ajiye dashen, ta wanke hannu a bokiti, ta miƙe tana jira.

Maganar ba ta da tsawo. Mai motar Damagaram ne ya bugo salula. Mijinta Aisami ya shiga mota da ƙafarsa zai dawo gida, ya zauna ta gefen taga, ya jingina kai. Abokan tafiya suka zaci barci ne. Sai da aka tsaya a Gidimuni, aka taɓa shi ya sauko ya sha ruwa, aka ji jikin ya yi sanyi.

Bayan an kai shi makwancinsa aka miƙo mata abin da aka samu a aljihunsa: carbi, rabin goro, tsohon katin zaɓe da gefensa ya lanƙwashe, da wata takarda ninke cikin leda. Hamsatu shekara biyu ta yi a lakol, makarantar boko, karatunta bai kai ta karanta takardar ba, amma ta san hatimi in ta gani. Ta juya gaba, ta juya baya, ba hatimi. Yadda ya tafi da ita haka ya dawo da ita. Kwana uku dattijo mai shekara sittin da huɗu ya yi a kan benci a ƙofar wani biro, ofishin gwamnati a Damagaram. Kullum da la'asar yakan bugo mata ya ce an ce mai sa hannu ya fita, an ce mai sa hannu yana taro, an ce mai sa hannu bai samu umurni daga sama ba. A bugun ƙarshe ta ce masa ya dawo haka nan, ruwa ya yi wa albasa kaɗan. Ya ce to. Iyakar sallamarsu ke nan.

Kwarin Goriba wani wuri ne mai damshi a tsakiyar tuddan rairayi, tafiyar rabin awa daga Gure. Garka arba'in da uku ne a ciki, kowace da gidan da ke ci daga gare ta. Tasu tana gefen gabas, inda ruwa ke kusa kuma ba ɗanɗanon kanwa. A cikinta akwai dabino goma sha ɗaya da Aisami ya dasa da hannunsa tun shekarar da aka haifi ƴarsu Ummul Kulsum. Da dabinon nan aka yi wa yarinyar kayan ɗaki, da shi ake cin tuwo duk shekarar da albasa ta ƙi.

Shekara talatin da suka wuce, lokacin da aka fara zaɓe a ƙasar, an ɗauki Aisami cikin masu ƙirga ƙuri'a, don ya iya lissafi kuma ba ya tsoron ido. Ya dawo gida da tawada a yatsa, yana kallonta kamar wanda aka yi wa naɗi. A shekarun ne kuma mutanen furoje, masu aikin tallafi daga ƙetare, suka zo da fararen motoci, suka koya wa masu garka kafa shinge a kan tudu don kada rairayi ya cinye kwarin. Suka ce sai an kafa ƙungiya, sai an zaɓi shugaba, sai an rubuta doka. Aka kafa, aka zaɓa, aka rubuta. Suka ɗauki hoto suka tafi. Kowa ya gane wasa ya tashi tun da motocin suka juya. Aisami kaɗai bai gane ba.

Shi ya tsara yadda za a riƙa yi. Ya tara ƙwallon dabino arba'in da uku, ya rina su da shuni, ya zuba a ƴar jakar fata. Duk shekara uku, bayan an sauke dabino, sai a kafa zana a gindin goribar da ke tsakiyar kwari. A bayan zanar a jera ƙorai, kowace an rufe ta da faifai mai huda, a gefenta hular mai neman shugabanci, don wanda bai iya karatu ba ya gane. Kowace garka ƙwallo ɗaya. Mutum ya shiga shi kaɗai, ya jefa, ya fito. Mai jego ko marar lafiya ya ba wanda ya amince da shi ya jefa masa. In an gama, Aisami ya juye ƙoran a kan tabarma ya ƙirga da ƙarfi, yana ɗaga kowane ƙwallo sama kowa ya gani. Shi da yake mai ƙirga ne ba ya jefawa, na garkarsu Hamsatu ke jefa shi.

Sau biyu ya ajiye tasa hular a bayan zana, sau biyu ya faɗi. A na biyun ƙwallo tara ya samu, kuma da bakinsa ya ƙirga su, da muryar da ya ƙirga na abokin takararsa. Hamsatu ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Mutumin da jakar ke kwana a ƙarƙashin matashinsa, a ce ya tashi da tara? Ya yi dariya ya ce ai daɗin abin ke nan, ko ita bai san inda ta jefa nata ba.

Wanda ya kayar da shi Garbai ne, abokinsa tun suna yara, mutum mai faɗin kafaɗa da daɗin baki. Dokar ƙungiya ta ce mutum ya riƙe sau biyu ya ba wani. Garbai ya ci sau biyu, wa'adinsa yana cika da dabinon bana.

Aisami yana da ƴar rediyo da yake ratayewa a jikin dabino in yana ban ruwa. A shekarun baya-bayan nan ba ta kawo masa komai sai ɓacin rai. Yau ya ce mata a wata ƙasa shugaba ya gyara doka don ya zarce. Gobe ya ce a wata an yi zaɓe, amma sai da aka kulle duk wanda zai iya ci. Jibi ya ce har a ƙasashen masu fararen motoci wanda ya faɗi ya ce bai faɗi ba, rabin jama'a kuma sun bi bayansa. Yana faɗa da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai lissafa ƴan uwansa da suka rasu. Ita kuwa takan ce masa ya duba ruwa, yana malala a banza. Ba ta ga abin kuka ba. Ta ga ƴan siyasa da idonta: su zo da gishiri da sabulu da atamfa mai hoton fuskarsu, su tafi, ba a sake ganin fuskar sai a jikin zane. Ranar da sojoji suka karɓi mulki, waɗanda suka fi kowa rawa a dandali su ne waɗanda suka fi kowa rawa ranar da aka ci zaɓe, hula kawai suka sake. Da aka rushe majalisar gari, aka rushe jam'iyyu, ba wanda ya fasa cin tuwonsa. Ta ɗauka abin na manya ne can sama, ba zai gangaro kwari ba.

Da ƙafar Garbai ya gangaro. Wani ɗan kasuwa, Alhaji Husseini, mai manyan motocin kaya, yana son gefen gabas na kwarin, garka takwas har da tasu. Zai haƙa rijiya mai zurfi, ya sa famfo mai aiki da hasken rana. Sauran masu garka za su samu ruwa a tiyo su huta da guga. Masu garka takwas ɗin kuwa a ba su wani wuri a yamma, gindin tudu, inda rairayi ke zubowa. Aisami ya ce to, a kai maganar bayan zana, ƙwarya biyu, i da a'a, a kuma zaɓi sabon shugaba tun da lokaci ya yi. Garbai ya dafa kafaɗarsa a gaban mutane.

"Aisami, gari ba zaɓe, ƙasa ba zaɓe, waɗanda suka koya mana ma sun gaji da shi. Mu da furfurarmu ne za mu tsaya wasa da ƙwallon dabino?"

Aka yi dariya. Washegari Aisami ya ɗauki takardar dokar ƙungiya ya tafi neman wanda zai buga mata hatimi ya ce har yanzu tana aiki. A Gure aka ce masa sai Damagaram.

A zaman makoki ba wanda ya kai Garbai kuka. Daga cikin ɗaki Hamsatu tana jin muryarsa a ƙofar gida, yana ba mutane labarin gaskiyar mamaci, yadda bai taɓa cin ƙwallo ɗaya na wani ba, yadda ba za a sake samun irinsa ba. Wannan na ƙarshen ta yarda har zuciyarsa ya faɗe shi. Ta ji sauƙi a cikin muryar.

Ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, zane marar ado, ba kwalli, ba turare, ba fita. Ummul Kulsum ta yi kwana arba'in ta koma ɗakin mijinta a garin Gamu. Yabawa ce ke duba garkar tare da tata. Kwana biyar bayan sadakar arba'in aka yi shela cewa ranar Asabar akwai taron masu garka a gindin goriba, a kan maganar Alhaji Husseini. Wata da watanni maganar tana neman rana ba ta samu ba. Yanzu da mai ƙirga yake ƙasa, matarsa kuma a ɗaki, rana ta samu.

Hamsatu ta aika aka tambayi liman. Ya ce mai takaba tana iya fita da rana in lalura ta kama, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Tsofaffin matan dangin Aisami suka ce su a gidansu ba a taɓa yi ba, a ce matar ɗansu tana zaune a taron maza alhali ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Amma ba tsoronsu ya zaunar da ita ba. Jakar ce ta zaunar da ita. Shekara talatin tana ganin mai jego ta aika a jefa mata, an kuma ƙirga. Ta san masu garka ɗaya bayan ɗaya, ta san yawancinsu suna tsoron in an ba Alhaji gabas bana, baɗi tsakiya zai nema. A bayan zana a'a ce za ta rinjaya, ko ta je ko ba ta je ba. To me zai sa ta keta takabar mutumin, tun da abin da ya bari zai yi magana a madadinta?

Ranar Asabar tun da safe ta ciro jakar daga ƙarƙashin matashinsa, ta zauna tana jiran a aiko a karɓa. Ba wanda ya zo. Wannan kaɗai ya isa ya faɗa mata komai, amma ta ce mantuwa ce. Ta ciri ƙwallo ɗaya ta ƙulle wa Yabawa a gefen mayafi, ta ce wannan nata ne, ƙwaryar a'a. Ta ɗaure bakin jakar ta ba ta.

Kafin azahar Yabawa ta dawo. Ta ajiye jakar a bakin gado, igiyar tana nan yadda Hamsatu ta ɗaure ta. Ta zauna tana kwance ƙullin mayafi, ba ta ɗago kai ba.

Ba a kafa zana ba. Maigari da liman da dattawa suna zaune a kan tabarma a gaba, Alhaji Husseini a kan kujera, kusa da shi wani mutumin biro da littafi a cinya. Garbai ya yi dogon bayani a kan haɗin kai. Ya ce ƙirge-ƙirgen nan shi ke raba zumunci, a tashi da wane ya ci wane ya faɗi, yanzu kuwa zamani ne na baki ɗaya. Ya yi wa Aisami addu'a aka shafa. Sa'an nan ya ce duk wanda bai yarda a ba Alhaji gabas ba, ko bai yarda shi Garbai ya ci gaba da riƙe ƙungiya har ƙasa ta daidaita ba, ya miƙe tsaye a gan shi.

Hamsatu ba ta buƙaci a faɗa mata sauran ba. A Gure tun kana yaro ake koya maka ba a tsayawa a kan babba yana zaune. In za ka yi masa magana ka durƙusa, in za ka wuce ka cire takalmi ka sunkuya. Mutumin da zai iya bin ɓarawon raƙumi cikin daji shi kaɗai ba zai iya miƙewa a kan liman ba. Aisami ya san haka, shi ya sa ya kafa zana. Garbai ma ya san haka.

"Ke fa?" in ji Hamsatu.

"Yaya, ƙafata ce ta yi nauyi. Na duba dama, na duba hagu, kowa na kallon ƙasa. Ni kaɗai, mace, a kan Maigari?"

"Jakar fa, kin nuna?"

"Na nuna wa Garbai. Ya ce in mayar miki, abin tunawa ne."

Mutumin biro ya rubuta cewa kowa ya amince, ba ko mutum ɗaya da ya ƙi. Ran Litinin takardar ta fito da hatimi har biyu. Ashe mai sa hannu yana samuwa in ya ga dama. Aka ba masu garka takwas wata uku su kwashe amfaninsu, bayan nan a auna.

Sai aka fara zuwa gaisuwa karo na biyu. Mutanen da suka yi ta'aziyya tun ranar uku suka tuna ba su yi da kyau ba. Maza su tsaya a tsakar gida bayan asabarin ƙofarta, su ɗaga murya su gaishe ta, sa'an nan su sauke murya su ce wallahi abin da aka yi ran Asabar bai yi musu daɗi ba. Mata su shigo har ɗaki, su leƙa ƙofa, su ce da an kafa zana da Garbai ya ga abin mamaki. Kowa ya zo shi kaɗai, kowa kuma yana ganin shi kaɗai ne. Wani har cewa ya yi ya ɗaga gwiwa ɗaya, sai ya ga ba mai taya shi.

Ranar da na biyar ya tafi, ta sa Yabawa ta ɗauko busasshiyar ƙwarya, ta huda faifai ta ɗinke a bakinta, ta ajiye a lungun rumbu inda ba a gani daga ɗaki. Na shida wani Alhasan ne mai garkar rake. Ya yi ta rantsuwa daga bayan asabari har ta gaji da jin sunan Allah a bakinsa. Ta turo masa dabino ɗaya a faifai ta ƙarƙashin asabarin.

"Malam Alhasan, bar rantsuwa. Wannan na mai gidan ne, ka ci ka yi masa addu'a. A lungun rumbu akwai ƙwarya. In ba ka yarda da abin da aka yi ba, jefa ƙwallon a ciki. In ka yarda, tofar da shi a hanya. Ni ina ɗaki, ba na ganinka."

Ya ce uwar Ummu ke nan, ya yi ƴar dariya, ta ji tafiyarsa.

Ta aika wa biyar ɗin farko suka dawo. Labari ya bi kwari daga garka zuwa garka. Ko bai kai kunnen Garbai ba, ko ya kai ya yi dariya, ba ta sani ba. Kowace garka dabino ɗaya take bayarwa, ba ta maimaitawa, ta san muryar kowa. Mutum talatin da biyar suka zo. Ba ta taɓa ƙwaryar ba, don Aisami bai taɓa buɗe faifai ba sai na ƙarshe ya fito. A kwanakin nan ne kaɗai ta ji kamar yana gidan. Takan tsinci kanta tana faɗa masa a zuci wa ya zo yau, da abin da ya ce, da yadda ya yi ƙarya.

Ranar da ta fita takaba aka yi mata kitso, ta sa sabon zane. Ta ci nata dabinon, ta je lungun rumbu ta jefa. Kwana biyu bayan nan ne ranar awo.

Ta iske kwari cike. Mutanen Alhaji da igiyar awo da turakun ƙarfe, dattawa a kan tabarma a gindin goriba, masu garka zaune a bayansu sahu-sahu. Ta gangaro da ƙwarya a ka. Ba ta cire takalmi ba. Sai da ta isa gaban tabarmar ta gane abin da Yabawa ke nufi da nauyin ƙafa. Gwiwoyinta da kansu suke neman ƙasa, shekara hamsin da ƴan kai an koya musu. Ta ga rawanin liman a ƙasa da ƙirjinta, kunya ta rufe ta har wuya. Da ta zo ran Asabar ɗin, da ta miƙe? Ta sha gaya wa kanta i a cikin ɗaki. A nan ba ta da tabbas. Amma yau dai ta riga ta tsaya, sai ta ci gaba da tsayuwa.

Ta tsinke ɗinkin faifai, ta juye ƙwaryar a gefen tabarma, ta sunkuya daga tsaye tana ɗauka ɗaya-ɗaya tana ɗagawa sama. Ɗaya. Biyu. Uku. Ita ma ba ta san adadin ba sai da bakinta ya kai. Masu awo suka tsaya da igiya a hannu. Da ta wuce ashirin da biyu wani ya yi tari a baya.

"Ashirin da tara. Shugaba, a'a ashirin da tara cikin arba'in da uku. Ka iya lissafi, tare kuka yi lakol da shi."

Garbai bai ɓata rai ba. Ya ɗauki ƙwallo ɗaya ya juya shi a tafin hannu.

"Uwar Ummu, wannan ai ƙwallon dabino ne. Ko a bakin kasuwa na duƙa zan tara miki ɗari. Ina shuninsa? Wa ya ga an jefa?"

Ya juya wajen jama'a cikin ladabi ya ce shi ba ya zaluntar kowa, balle matar amininsa. Duk wanda ya jefa ƙwallo a ƙwaryar nan ya miƙe a gan shi, in sun kai haka a fasa awo yanzu.

Hamsatu ta bi su da kallo. Alhasan mai rake ya ɗago tafin ƙafarsa yana neman ƙayar da ba ta soke shi ba. Matar da ta ce Garbai zai ga abin mamaki tana gyara ɗankwali, ta kwance ta ɗaura, ta sake kwancewa. Mai gwiwa ɗaya yau ko ɗayar bai ɗaga ba. Can sai Yabawa ta dafa ƙasa ta yunƙura ta miƙe. Hamsatu ta juyo ta zuba mata ido. Yabawa ta ja tabarmarta daga rana ta mayar inuwa, ta koma ta zauna.

Garbai ya ce takaba tana gajiyar da mutum, a raka ta gida ta huta. Alhaji Husseini ya ce saboda marigayi zai sa a kai mata buhun shinkafa. Ta ce ya raba wa na zaune, zama yana sa yunwa. Sai a lokacin ta durƙusa, ta tsince ƙwallayenta ta mayar cikin ƙwarya, ta duba ƙarƙashin tabarma kada ɗaya ya ɓuya. Tana hawan tudu ta ji an fara buga turke.

Sabuwar garkarta tana gindin tudun yamma. Tiyon Alhaji ya zo, gaskiya ne, ya tsaya garka biyu kafin tata, sauran sai da bokiti. Daga nan tana hango dabino goma sha ɗaya a bayan waya, wani ke hawansu yanzu. Garbai yana nan shugaba, tun da ƙasa ba ta gama daidaita ba. An fara raɗe-raɗin Alhaji yana kallon tsakiyar kwari. Mutane suna gaishe ta da girmamawar da ba su taɓa yi mata ba, wasu har yau sukan rage murya su ce wallahi ran nan saura kaɗan. Takan ce musu Allah ya ba da lada, ta ci gaba da aikinta. Jakar shuni tana rataye a ƙusa, rediyon kuma ta ba Ummul Kulsum.

Ƙwallayen nan ashirin da tara ta shuka su a jere a bakin shinge. Yabawa, wadda ba ta fasa zuwa taya ta aiki ba, ba su kuma taɓa tayar da maganar tabarmar ba, ta ce mata wahalar banza ce. Dabinon ƙwallo rabinsa namiji ne, ba ya haihuwa, macen ma sai an shekara bakwai ko takwas, gara ta nemi ƴaƴan dashe. Hamsatu ta ce ta sani, ta kuma san bakunan da suka fito, ba ta sa rai da yawa ba.

Goma sha huɗu suka tsiro. Akuya ta ci biyu, rairayi ya binne uku. Kullum da safe, kafin ta taɓa albasa, takan bi sauran ta share musu rairayin da ya zubo da hannu, ta zuba wa kowane rabin moɗa. In ta kai ƙarshen layi sai ta miƙe tsaye, ta nuna su da yatsa ta ƙirga da ƙarfi, yadda na garkar kusa za su ji, daga ɗaya har tara.